Ɗiyar Da Ba Ta Goyuwa

Ranar da Balkisu ta haihu, mijinta Lamine yana Hawandawaki da lasifika a hannu, yana haɗa mata da girman Allah su bar haihuwa a gida. Aikinsa ke nan. Wani proje ne na lafiyar uwa da jariri ya ɗauke shi, ya ba shi moto, wato babur, da riga mai aljihuna, yana zaga ƙauyukan Tasawa yana wayar da kan jama'a. Kuma masha Allah, kan jama'a yana wayewa. Gida ɗaya ne wa'azin bai taɓa shiga ba, shi ne nasa. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha.

Ita kuwa Balkisu a ɗakinta ta durƙusa, da hantsi, daga ita sai uwar mijinta Hajiya Biba da tsohuwar ungozoma Iya Zara'u. Tun da naƙuda ta taso ta roƙi a kai ta likita. Hajiya ta ce ita tara ta haifa ba ta san ƙofar matarnite, ɗakin haihuwar asibiti, ba, ga huɗu nan suna yawo da ƙafafunsu. Sauran biyar ɗin ba ta yi zancensu ba.

Aka sami ɗiya mace, kyakkyawa, gashi kwance luf, hanci kamar an zana. Iya Zara'u ta rangaɗa guɗa. Tana juya jaririyar don ta wanke mata baya, guɗar ta yanke.

A ƙasan gadon baya, sama kaɗan da ɗuwawu, akwai wani ƙullutu ja kamar nunannen tumatir. Fatar da ta rufe shi siririya ce kamar ɓawon albasa, tana sheƙi, tana tsattsafo ruwa. Jaririyar tana tsala kuka tana wutsil-wutsil da hannuwa, amma ƙafafun suna nan yadda aka aje su.

"Hajiya," in ji Iya Zara'u, "wannan ba aikina ba ne. A kai ta likita yau."

Hajiya Biba ta leƙa, ta ja da baya, ta yi salati. Sannan ta yi abin da ya fi gaggawa a ganinta: ta saki labulen ƙofa.

"Zara'u, abin da kika gani ya tsaya a ɗakin ga. In na ji shi a waje, na san bakin da ya kai shi."

Kafin a binne mabiyiya Hajiya ta gama bincike, ta gano musabbabi. Likitoci kan ɓata shekaru suna neman dalilin irin wannan abu, ita ko tabarma ba ta tashi daga kai ba. Na farko, Balkisu ta cika fita tsakar gida da almuru da ciki, ta gamo da abin da ta gamo da shi. Na biyu, an ga ta zauna bisa turmi. Na uku, ta tsallake igiyar jaki a kasuwa. In ma duk ba waɗannan ba ne, to jini ne.

"Jinin gidanku ne," ta ce da Balkisu. "Mu a zuriyarmu ba a taɓa ba."

Balkisu tana kwance tana jin ta. Marigayiya uwarta ƙanwar Hajiya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Don haka ma aka haɗa auren, aka ce tuwona maina. Don haka ma aka ce ba sai ta tafi garinsu Korgom wankan gida ba, tunda uwa tana nan. Yau kuma an wayi gari jinin ya rabu biyu, mai kyau ya bi Hajiya, maras kyau ya bi ta.

Lamine ya iso bayan la'asar, ƙura har gira, murya a dishe. Ya shiga ɗaki da fara'a, ya ɗauki ɗiyarsa, ya yi mata huɗuba. Balkisu ta kwance zanen ta nuna masa bayan. Ta ga yadda fuskarsa ta sauya, ta kuma ga ya gane abin. Har sunansa ya faɗa da Faransanci, a hankali, kamar mai karanta allo.

"Malam, ka san shi ke nan?"

"Na san shi. Akwai hotonsa cikin kayan aikinmu."

"To me kuke ce wa mata su yi?"

Ya mayar da zanen ya rufe.

"Bon. Balkisu, ki saurare ni. Abin ga yana son natsuwa. In muka kwashi yarinya yanzu muka nufi likita, kafin magariba duk Tasawa ta ji. Ma'aikatan can duk sun san ni, tare muke zama taro. Za su ce ina aka haife ta? A gida. Kin je awo? A'a. Matar wa? Matar Lamine. Kin ga inda matsalar take?"

Ta ga inda matsalar take. Ita da farko ta ɗauka a bayan jaririya take.

"A bari a yi suna," in ji shi. "Shugaban proje da kansa zai zo. Bayan suna ni da kaina zan kai ku Maraɗi, inda ba a san mu ba. C'est promis."

Tun cikin yana ƙarami Hajiya ta shelanta wa unguwa cewa in mace ce takwararta ce, Habiba za a sa. Ana jibi suna sai tawali'u ya sauko mata. Ta ce ita wace ce da za a yi ta sa sunanta, ai sunaye masu albarka suna da yawa. Aka sa wa yarinya Safa.

Suna ya yi suna. Rago biyu, kujerun roba har bakin titi, shugaban proje ya zo da farar mota ya ci soyayyen nama ya yaba. A cikin gida Hajiya ta naɗe Safa cikin zane uku da tawul, ta rangaɗa mata kwalli, ta rungume ta a cinya, ba ta ba kowa. Duk matar da ta miƙo hannu sai ta ce, "A'a, a gani da ido dai, bakin mutane ba shi da kyau." Mata suka yi ta leƙa fuska suna cewa tubarkalla, uban ta ɗauko. Hajiya tana amsawa, "Ai jininmu ƙarfi gare shi." Fuskar tasu ce. Bayan kuwa na Balkisu ne, ita ke kwance zanen in kowa ya watse, ta tarar ya manne da ƙullutun, ta jiƙa shi da ruwan ɗumi tana ɓamɓarewa a hankali, yarinya na shiɗewa.

Aka share wurin suna, aka mayar da kujeru. Balkisu ta tuna wa Lamine alkawari.

"Wannan satin akwai misiyo, tafiyar aiki Mayahi. In na dawo."

Ya dawo. Ta tuna masa.

"Baƙi za su zo daga Yamai duba aiki. Kina so a neme ni a ce ina asibiti? Ki yi haƙuri su tafi."

Kullum da safe da yamma ana dafa wa Balkisu ruwan wanka a babbar tukunya, Hajiya na tsaye da ganyen darbejiya tana fyaɗa mata har fata ta yi ja. A kan wannan ba a taɓa sakaci ba. Kunun kanwa ma bai taɓa makara ba. Hajiya takan ce ba za a ce ta bar ɗiyar ƙanwarta ta rasa kulawa ba.

Safa ma ba a bar ta haka ba. Aka yi mata hayaƙi har ta riƙa tari. Aka shafa man shanu, ƙudaje suka gode. Aka kawo rubutu, aka ɗura. Da abin ya ƙi, Hajiya ta aika a kira Danda wanzami, wanda ya yi wa rabin unguwar kaciya, ta ce ya tsaga ƙullutun ruwan ya fita a huta. Danda ya buɗe zabira, ya durƙusa, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sai ya mayar da askarsa ya ɗaure zabira.

"Hajiya, ni ba na taɓa wannan. Ku kai ta likita."

Da ya fita Hajiya ta ce wanzaman zamani duk matsorata ne, ba kamar ubansa ba.

Safa ba ta kwanciya rigingine, sai rub da ciki, ko a kan ƙirjin uwarta. Ba ta goyuwa, don duk inda zane ya ɗaure sai ya bi ta kan ciwon. Balkisu ta koyi yin komai da hannu ɗaya. Fitsari kuwa ba ya tsayawa, ɗis-ɗis yake zuba yini da kwana, cinyoyin yarinya suka sale. Wani lokaci Balkisu takan ɗan mintsini tafin ƙafarta, tana kallon fuskar ko za ta motsa. Safa sai ta ci gaba da tsotso abinta, kamar ƙafar wani aka taɓa.

Rannan Hajiya ta shigo ta sami Balkisu tana hawaye a kan yarinyar.

"La'ilaha illallahu! Yau na ga rashin ta-ido. Ɗiyar fari ce fa! Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba ma yi gaban mutane, balle kuka. Ke ko kunya ba ki ji?"

"Inna, jikinta zafi. Ki taɓa ki ji. Ki bar ni in kai ta nan likitar gari, ba nisa."

"Mai jego ta fita kafin arba'in? Da ɗanyen jiki? Ki kwaso sanyi ki zo ki kwanta mani, a ce ban kula da ke ba? Wanda ya halicce ta haka bai manta da ita ba. Ko kin fi shi sani?"

Duk lokacin da Hajiya ta ga gardama za ta ƙare mata, sai ta koma bayan Allah ta tsaya, ta san ba mai biyo ta can.

Ƙarshen damina ne, sauro ya yi yawa, kowane gida da mai zazzaɓi. Wannan ya yi wa Lamine daɗi. Ya taɓa goshin Safa da bayan hannu ya ce, "Palu ne, zazzaɓin sauro, lokacinsa ne." Ya kawo maganin ruwa a kwalba daga kanti, ya nuna mata awon murfi, ya yi bayani dalla-dalla yadda yake yi a ƙauye, har da tambayar ko ta fahimta.

"Na fahimta, Malam. Kanta fa? Ka dubi kanta."

Hular da aka saya ranar suna ta daina shiga. Maɗigar ta kumbura ta yi tauri, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a goshi, idanun sun fara kallon ƙasa kamar mai jin nauyin wani. Hajiya ta ce babban kai gadon gidansu ne, alamar ilimi, haka Lamine yake yana jariri. Lamine bai ce haka ne ba, bai ce ba haka ba ne. Ya duba waya ya ce ana jiransa a biro, wurin aikinsa.

Daga nan ya rage shiga ɗakin. In ya dawo sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ya mai jiki?" kafin a amsa ya kai zaure. Ya ce warin man shanu ke tayar masa da zuciya. Ba man shanu ba ne. Ruwan da ke fita daga bayan Safa ya bar zama fari, ya koma kamar tsamiyar da ta kwana, kuma shi ke warin. Balkisu ta daina cin abinci sosai, nono ya ja baya, Safa ma ta rage kama shi. Kukanta ya sauya, ya zama siriri mai tsini, kamar na ɗan akuya da aka rufe a rumbu. Hajiya ta ce ga shi nan, ai ta faɗa, iska ce ke kuka a bakinta, a ƙara hayaƙi.

Ranar wata kasuwar Tasawa, Sa'adatu yayar Balkisu ta zo daga Korgom sayar da gyaɗa, ta biyo ta ga mai jego. Ranar suna ita ma fuska kawai aka nuna mata. Ta yi sallama, Hajiya ta tare ta a tsakar gida da fara'a, ta ce yarinya na barci. Sa'adatu ta ce ai ko barci take ta ga ɗiyarta, ta ɗaga labule.

Warin ne ya fara gaishe ta. Ta dubi ƙanwarta, ta ga ƙasusuwan wuya. Ba ta tambayi kowa ba, ta kwance zanen.

"Balki! Tun yaushe?"

"Da shi aka haife ta, Yaya."

"Kuma kina zaune?"

"An ce a bari."

"Wa ya ce? A bari me? Ta mutu?"

Hajiya ta shigo tana cewa a yi a hankali, maƙwabta na ji. Sa'adatu ta ce su ji, ai gara su ji yanzu da su ji a wajen zaman makoki. Hajiya ta ce ita dai ba a fitar mata da jika sai da iznin ubanta. Aka kira uban. Ya ce yana tsakiyar taro, a ba shi zuwa jibi, jibi lalle lalle, ya ma riga ya yi maganar mota.

Balkisu ta saurari muryarsa a wayar har ya gama. Sai ta tashi. Ta ɗauko matashin kai, ta kwantar da Safa a kansa rub da ciki, ta lulluɓe ta da ɗankwali mai tsabta, ta yafa mayafi, ta tallabo ta da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike.

Hajiya ta tsaya a ƙofa. "In kika taka waje, ban yafe ba. Ni ce uwarki a gidan ga."

"Inna, ki matsa," in ji Balkisu. "In kin je lahira kika iske ƙanwarki, ki gaya mata haka. Ni ma zan gaya mata nawa."

Ba ta taɓa mayar mata da magana ba sai ran nan. Mamaki ne ya matsar da Hajiya, ba tausayi ba.

Suka ratsa unguwa da rana tsaka, mai jego a gaba da jaririya bisa matashi, mata na leƙe ta katanga. A likitar Tasawa ba a ɓata lokaci ba. Ana buɗe zanen aka sa mata ruwa da allura, aka ce sai Maraɗi, aka sa su a motar marasa lafiya.

Lamine ya riske su a can washegari, cikin rigarsa mai aljihuna. Motar da ta gagara samuwa tun ranar haihuwa, ga ta ta samu cikin yini ɗaya. Ya gaisa da likitar da Faransanci, ya gabatar da kansa da sunan aikinsa. Likitar mace ce mai ƙarancin magana, ta amsa masa da Hausa don uwar ta ji.

Balkisu ce ta yi tambayar da ke cinta tun ranar farko. "Likita, don Allah ki gaya mani gaskiya. Ni na jawo mata? An ce na zauna bisa turmi, na fita da almuru."

"Da turmi na kawo wannan, da ba sauran mai tafiya a ƙasar ga," in ji likitar. "Ba ke ba ce. Ƙashin bayan jariri yana haɗewa tun farkon ciki, sau da yawa kafin mace ta san tana da shi. Nata bai ƙarasa haɗewa ba. Abin da ya fi kawo shi, ƙarancin wani sinadari a jikin uwa, wanda ake samu a ganye da wake da hanta, da ƙwayoyin da muke ba mata. An fi so a fara sha tun kafin ciki ya shiga. Akwai gado, daga kowane ɓangare, kuma auren dangi na kusa yana ƙara haɗarin wasu larurorin. Akwai magungunan da ake sha barkatai da ciki. Wani kuma duk bincike ba a gano dalili. Haka leɓe tsagagge, haka ƙafa karkatacciya, muna ganinsu kullum, kuma da yawa suna gyaruwa."

Balkisu ta tuna hantar layya da ake kai wa maza zaure, da zogalen da Hajiya ke cewa cimar matalauta ce, ba a dafa ta a gidan ma'aikaci.

"Wannan fa, zai gyaru?" ta tambaya.

Likitar ta ce, "Da an kawo ta a kwanakin farko, da an tura ku inda za a rufe wurin kafin ƙwayar cuta ta shiga. Wataƙila ba za ta yi tafiya ba, amma da yawa suna rayuwa, suna girma, har lakkol suna zuwa karatu. Yanzu cutar ta bi ta bayan ta hau kai. Za mu yi iyakar yinmu."

Suna fitowa baranda Lamine ya sauke ajiyar zuciya.

"Kin ji ko? Tun kafin ki san kina da ciki abin ya faru. Ke nan ko kin je awo ba abin da zai canza. Donc, ba laifin kowa ba ne."

Kunnen Lamine kunne ne mai tsari. Rabin farko na maganar likita ya shiga ya zauna daram, rabi na biyu ya iske an rufe biro.

Safa ta ƙara kwanaki kaɗan, ba ta kai arba'in ba. Ta cika da rana, bisa ƙirjin uwarta, inda ta saba. Da aka naɗe ta cikin likkafani, shi ne karon farko da aka kwantar da ita rigingine ba ta yi kuka ba.

A zaman makoki Hajiya ta fi kowa hawaye. Tana gaya wa masu gaisuwa cewa yarinya lafiyarta lau, tana shan nono, sai uwar ta kwashe ta da ɗanyen jiki ta fita da ita rana tsaka, iska ta buge ta, likitoci kuma suka ƙarasa da allurai. "Amma ba komai, na yafe mata, yarinta ce." Mata suka ce Hajiya akwai haƙuri. Iya Zara'u tana gefe tana jan carbi, ba ta ɗaga kai ba.

Bayan addu'ar bakwai Balkisu ta bi Sa'adatu Korgom. Lamine ya aiko a ba ta haƙuri, ya ce shi har yanzu bai ga abin da aka yi mata ba. Aikinsa kuwa sai gaba. Aka ƙara masa girma, aka ce yanzu wa'azinsa yana ratsa jiki fiye da da, kamar wanda abin ya taɓa shafa.

Bayan an gama girbi, wata ranar da yamma, Balkisu na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa tare da yayarta da matan maƙwabta, rediyo na rataye a reshen bedi, sai ga muryarsa. An gayyace shi shirin lafiya na wata tashar yankin. Murya ta yi laushi, ta sha mai.

"Jama'a, ni da idona na ga wata baiwar Allah," in ji shi. "Ta haifi ɗiya da buɗaɗɗen baya. Maimakon ta garzaya likita, sai ta ɓoye ta a ɗaka. Hayaƙi, man shanu, rubutu. Har kan yarinya ya kumbura. Lokacin da aka kai ta, bakin alƙalami ya bushe. Wallahi in na tuna har yanzu sai in ji ƙwalla. Jahilci, jama'a! L'ignorance! Iyayenmu mata, ku ji tsoron Allah, ku bar ɓoye 'ya'ya."

Wata maƙwabciya da ba ta san zancen ba ta ce, "Allah sarki. Wasu matan ba su da imani."

Mai gabatarwa ya ce layi a buɗe yake ga mai tambaya, ya karanto lamba. Balkisu ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta miƙa hannu.

"Yaya, ara mani wayarki."

Ta buga, ta shiga. Muryarta ta fito daga reshen bedi, ta fito a shagunan Tasawa da tashar Mayahi da duk inda aka kunna.

"Salamu alaikum. Daga Korgom nake kira. Tambaya gare ni ga malamin."

"Bismilla, Hajiya, yana jin ki."

"Matar nan da ya ba da labari, na ji ya ce jahila ce. To na yarda. Ina so ya gaya wa jama'a, mijinta wane aiki yake yi?"

Shiru.

Mai gabatarwa ya ce, "Malam Lamine, gare ka."

Shiru. Ana jin numfashin mutum a bakin makirfo, ana jin kujera ta yi ƙara. Matan da ke ɓarar gyaɗa suka tsaya da hannu a cikin ƙwarya. Maƙwabciyar nan ta dubi rediyo, ta dubi Balkisu, ta rufe baki da gefen mayafi. Shirun ya yi tsawo har mai gabatarwa ya yi gyaran murya ya ce da alama an sami matsalar rezo a layin waya, ya saki kiɗa.

Rezo lafiyarsa lau. Balkisu ta miƙa wa yayarta waya, ta jawo ƙwaryarta ta ci gaba da ɓara.

Shekara da shekaru Lamine yana yawo da lasifika daga wannan gari zuwa wancan, ya yi magana har muryarsa ta dishe. Amma a duk wayar da kan da ya yi wa mutanen ƙasar Tasawa, ba wadda ta shiga kunnensu kamar wannan shirun.